Yaro gajere, IGF-1 a ƙasa, IGFBP-3 a ƙasa: shi ke nan an gano cutar?

Usman (sabon likita, Tudun Wada):
Assalamu alaikum manyanmu. Ina da tambaya a kan yara gajeru da ake tura wa gwajin jini na IGF-1 da IGFBP-3, furotin biyu masu alaƙa da girman jiki. Idan takarda ta dawo duka biyun sun yi ƙasa, shi ke nan yaron ba ya fitar da sinadarin girma kenan? Kuma mene ne amfanin ƙara IGFBP-3, tunda kuɗinsa daban ne, iyaye da yawa kuma da kyar suke haɗa na gwaji ɗaya?

Likita Hadiza (ɓangaren yara):
Wa alaikumus salam Usman. A'a, ba shi ke nan ba, kuma a garin nan sau da yawa ba shi ba ne ma.

Mu fara daga tushe. Fitutari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ita ke sakin sinadarin girma, wato GH, amma ba a kai a kai take sakinsa ba. Tana fesowa ne lokaci-lokaci, galibi cikin barci mai nauyi, shi ya sa ɗiban jini sau ɗaya da rana don auna GH ba ya gaya maka komai. GH ɗin yana zuwa hanta, hanta ta ƙera IGF-1, shi kuma IGF-1 shi ke sa guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa ya yi ta tsiro. Tun 1957 Salmon da Daughaday suka nuna cewa GH ba shi kaɗai ke wannan aiki ba, akwai wani abu a jini da ke tsakani.

To amma IGF-1 ƙaramin abu ne, amino asid 70 kawai. Idan yana yawo shi kaɗai, cikin kamar minti 10 rabinsa ya ɓace. Abin da ke tsare shi su ne furotin guda shida masu riƙe shi, IGFBP-1 zuwa IGFBP-6. Babbansu a jini shi ne IGFBP-3, wanda ke ɗauke da kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari. Shi ma ba su biyu suke tafiya ba, akwai na uku da hanta ke yi mai suna ALS. Idan ukun suka haɗu sai su zama dunƙule mai nauyin kilodalton 150, wanda ya fi ƙarfin ya ratsa bangon ƙananan jijiyoyin jini, ƙoda ma ba ta iya tace shi. A haka IGF-1 kan kai awa 12 zuwa 15 kafin rabinsa ya ƙare. Wanda ke yawo a sake bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba.

Abin da takardar gwaji ke nuna maka kamar hatsin da ke rumbu ne, ba wanda ke cikin tukunya ba. Ƙashi kuwa da na tukunya yake girma.

Usman:
Na gode ranki ya daɗe. To tunda GH ne ke sa a ƙera IGF-1 da IGFBP-3 da ALS gaba ɗaya, me zai saukar da su ban da rashin GH?

Malama Zainab (abinci mai gina jiki, Rigasa):
Yunwa, Usman. Ita ce ta farko, ita ce ta biyu. Yaron da ke fama da tamowa GH ɗinsa ma sama yake, ba ƙasa ba. Hanta ce ke toshe kunne, ta ƙi amsa kiran GH saboda babu furotin da kuzarin da za ta yi aiki da su. IGF-1 ya faɗi, IGFBP-3 ya bi shi a hankali, IGFBP-1 da IGFBP-2 kuma su hau su kama ɗan abin da ya rage. Jiki ne da kansa ya dakatar da girma don ya tsira da rai.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma kuma abin ya haura rabi. Rashin GH na gaskiya cuta ce da ba a cika samu ba, yaro ɗaya cikin dubbai. Saboda haka idan aka kawo gajeren yaro daga Rigasa ko Hayin Banki da IGF-1 a ƙasa, tambayar farko ita ce me yake ci da safe, sau nawa ƙwai ko kifi ko wake ko madara ke shiga cikinsa a mako, yaushe aka ba shi maganin tsutsar ciki, kuma yana yawan gudawa ko a'a. Idan aka gyara abinci, IGF-1 kan fara hawa cikin kwanaki, tun kafin sikeli ya nuna wani canji na kirki. Don haka ɗiban jinin yaro mai rama don wannan gwaji asarar kuɗin iyaye ne. A ciyar da shi wata uku zuwa shida, a auna tsawo, sannan a yi magana.

Likita Hadiza:
Haka yake Malama. Bayan yunwa akwai sikila, ciwon hanta, ciwon ƙoda mai daɗewa, ƙarancin sinadarin tayiroid, ciwon suga da ba a riƙe da kyau ba, tarin fuka da duk wata cuta mai kumburi da ta daɗe. Dukkansu suna iya saukar da IGF-1 ko rage aikinsa.

Ga yadda ya kamata aiki ya tafi. A auna tsawo da ma'aunin da ke manne a bango, ba takalmi, ba kitso mai tudu, diddige da duwawu da kafaɗa sun taɓa allo. A sake bayan wata shida da ma'auni ɗaya. Yaro daga shekara 4 zuwa balaga da ba ya ƙara santimita 4 zuwa 5 a shekara, wannan abin bincike ne. A auna uwa da uba, kada a tambaye su, a auna. A haɗa tsawonsu, a ƙara 13 idan namiji ne, a cire 13 idan mace ce, a raba biyu. Sannan hoton hannun hagu da wuyan hannu don ganin shekarun ƙashi. Sannan ƙidayar jini, jinotayif, kiriyatinin, aikin hanta, gwajin tayiroid wato TSH da T4, fitsari. Yarinya gajera da ba a ga dalili ba a duba kuromosom ɗinta saboda cutar Turner, ko da kuwa ba ta da wata alama a wuya ko ƙirji. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ne IGF-1 ke da ma'ana.

Likita Aminu (ɓangaren manya, suga da sinadaran jiki):
Na yarda da duk wannan, amma a kan tambayar Usman ta biyu ina ganin a faɗa masa gaskiya: IGFBP-3 bai cancanci kuɗinsa ba a mafi yawan lokuta. Yara da yawa masu rashin GH na gaske IGFBP-3 ɗinsu na fitowa daidai. Gwajin da zai ce maka lafiya lau alhali akwai cuta, me ya ƙara maka? A manya ma, wajen gano cutar yawan GH mai sa hannu da ƙafa da muƙamuƙi su yi ta girma, IGF-1 ne muke dubawa, sai a ba da gulukos giram 75 a ga ko GH zai sauka ƙasa da mikrogiram 1 a lita. IGFBP-3 ba ya taimakawa a nan.

Likita Hadiza:
Likita Aminu, a yaro ɗan shekara 8 ko 10 ban musa maka ba, IGF-1 ya isa. Amma ƙasa da shekara 3 lamarin ya bambanta. A wannan shekarun IGF-1 na yaro mai lafiya ma ƙasa yake ƙwarai, har yakan kusa kai iyakar abin da inji ke iya gani, sai na mai lafiya da na mara lafiya su cakuɗe. IGFBP-3 kuwa da miligiram a lita ake auna shi, IGF-1 da nanogiram a mililita, ka ga akwai tazara mai yawa, kuma shekaru da abinci ba sa girgiza shi kamar yadda suke girgiza IGF-1. Gaskiya ne idan ya fito daidai bai wanke yaron ba. Amma idan ya fito ƙasa sosai a jaririn da ke cin abinci, hantarsa lafiya, musamman wanda sugansa ke faɗuwa, ko ya daɗe da shawara bayan haihuwa, ko namiji mai ƙaramin gaba, to wannan babbar alama ce ta matsalar fitutari kuma ba a jira.

Akwai wuri na biyu. Idan IGFBP-3 ya faɗi warwas fiye da yadda gajartar yaron ta nuna, a tuna da rashin ALS. Domené da abokan aikinsa a Ajantina suka fara bayyana shi a 2004. Yaron ba shi da na ukun nan da ke kulle dunƙulen, sai ƙoda ta yi ta zubar da IGF-1 da IGFBP-3. Lambobin jini abin tsoro, amma gajartar matsakaiciya ce, balaga kan yi jinkiri, saboda IGF-1 da ƙashi ke ƙerawa a wurinsa yana nan yana aiki. Irin wannan yaron allurar GH ba ta yi masa wani abin a zo a gani.

Likita Aminu:
A ƙasa da shekara 3 na sallama. Amma a rubuta shi da dalili, ba a riƙa jera su biyu a takarda don an saba ba.

Malam Bashir (ɗakin gwaje-gwaje, Kawo):
Salamu alaikum. Bari in shigo daga ɓangarenmu, don wani ƙasan da kuke gani ba daga yaron yake ba, daga kwalba yake.

Matsalar auna IGF-1 ita ce furotin ɗin nan da ke rungume da shi suna rufe wuraren da antibodin gwaji zai kama. Dole a raba su tukuna. Tsohuwar hanya ita ce a zuba asid da etanol, furotin masu nauyi su kwanta, a kwashe na sama. Wannan na cire IGFBP-3 da kyau amma yana barin ƙananan irin su IGFBP-1 da IGFBP-2, waɗanda su ne kuma ke yawa a mai tamowa da mai ciwon ƙoda da mai suga. Wato a marasa lafiyar da muka fi buƙatar sakamako na gaskiya, a nan hanyar ta fi yin kuskure. Injinan yanzu suna sa asid su raba, sannan su zuba IGF-2, ɗan'uwan IGF-1, mai yawa ya cike gurbin furotin ɗin, don kada su koma su kama IGF-1 idan aka daidaita ruwan. Ya fi kyau, amma kowane kamfani da nasa ma'aunin. Sakamakon inji ɗaya ba a gwada shi da na wani. Yaron da ake bibiya a tsaya a ɗakin gwaji ɗaya.

Wajen ɗiba: kwalba marar maganin hana daskarewa, ko mai jel. IGF-1 da IGFBP-3 ba sa buƙatar azumi, kowane lokaci na rana ya yi. A bar jini ya daskare minti 30, a juya a inji, a kwashe ruwan saman zuwa wata kwalba. Kada a tura jini ɗungurungum a mota zuwa Abuja ko Legas cikin zafin watan Afrilu. Idan zai kwana ɗaya ko biyu, firji mai digiri 2 zuwa 8. Idan zai fi haka, firiza a digiri 20 ƙasa da sifili. Abin da ke kashe mu shi ne ɗauke wuta: samfuri ya narke, ya sake daskarewa, ya sake narkewa. IGFBP-3 yana da saurin yankuwa, kuma wasu gwaje-gwajen na ƙirga guntayen kamar cikakke ne, wasu ba sa ganinsu sam. Ku tambayi wanda kuke tura wa ko firizarsa na kan sola ko inbata.

Sannan don Allah a rubuta ranar haihuwa, jinsi da matakin balaga. IGF-1 na hawa daga yarinta, ya kai ƙololuwa a tsakiyar balaga, ya yi ta sauka har tsufa. Lambar da ta dace da ɗan shekara 5 cuta ce a ɗan shekara 14. Yaro mai jinkirin balaga kuma a gwada lambarsa da shekarun ƙashinsa, in ba haka ba za a ce ƙasa yake alhali daidai yake da inda jikinsa ya kai. Mai shan bayotin mai yawa don gashi ko farce ya dakata kwana biyu zuwa uku, yana rikita wasu injinan.

Anti Rifkatu (ungozoma, Sabon Tasha):
Sannunku da aiki. Ku kuna maganar IGFBP-3, mu a ɗakin haihuwa IGFBP-1 muka sani, ko da yake da yawa cikinmu ba su san shi suke aunawa ba. Tsinken gwajin fashewar faya, irin Actim PROM, IGFBP-1 yake nema. A ruwan faya yawansa ya ninka na jinin uwa sau 100 zuwa 1000, a fitsari da maniyyi kuwa kusan babu. To mace ta zo da ciki wata bakwai ta ce tana jin jiƙa tun jiya, ba a san ko faya ce, ko fitsari, ko farin ruwa na sanyi ba.

Yadda ake yi: a fara sa sifekulum mai tsabta a duba da ido. Idan ruwa ya taru a bayan bakin mahaifa, ko ya zubo da ta yi tari, magana ta ƙare, ba sai an ɓata tsinke ba. Idan ba a gani ba, a sa audugar da ta zo cikin kwalin a farji daƙiƙa 10 zuwa 15, a fitar, a juya ta cikin ruwan ƙaramar kwalbar daƙiƙa 10 zuwa 15, a jefar da audugar, a tsoma tsinken har ruwa ya fara hawa, a ciro a kwantar. Layi biyu, faya ta fashe. Layi ɗaya bayan minti 5, ba ta fashe ba. Babu layi ko ɗaya, tsinken ya lalace, a sake. Kada a karanta bayan minti 5 ya wuce, layin ƙarya kan fito.

Takardar nitrazin da muka saba da ita jini na juya ta, maniyyi na juya ta, ciwon sanyi na juya ta, har sabulu. Wannan ya fi ta nesa. Amma idan ruwan ya daina zuba fiye da awa 12, tsinken na iya cewa babu alhali ta fashe. Kuma ina roƙon ƙannena masu aiki a ƙananan asibitoci, kada a sa yatsa a duba mace da ake zargin fayarta ta fashe kafin lokaci matuƙar ba naƙuda take ba. Yatsa na tura ƙwayoyin cuta sama, yana kuma matso da haihuwa.

Likita Ishaya (ɓangaren mata da haihuwa, Barnawa):
Anti ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne me ya sa amsar ke da nauyi. Idan aka ce ta fashe kafin mako 37, za a kwantar da ita, a ba ta eritromaisin miligiram 250 sau huɗu a rana na kwana 10 ko har naƙuda ta fara. Ba a ba da ko-amoksikilab a nan, babban binciken ORACLE na 2001 ya nuna yana ƙara wa jarirai ruɓewar hanji. Idan cikin bai kai mako 34 ba, deksametason miligiram 6 a tsoka duk awa 12 har sau huɗu don huhun jariri, in dai babu alamar ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2020, wanda asibitocin Najeriya na ciki, ya nuna wannan na rage mutuwar bakwaini a ƙasashe irin namu. Kuskure ta kowane ɓangare na da tsada: ko a sallami mace da faya a fashe ta dawo da zazzaɓi, ko a jawo haihuwar bakwaini ba dalili.

Akwai ɗan'uwan wannan gwaji da ke neman IGFBP-1 mai ɗauke da fosfet, wanda shimfiɗar mahaifa ke yi. Idan jakar jariri ta fara ɓamɓarewa daga bango sai ya zubo bakin mahaifa. Ana ɗaukarsa daga bakin mahaifa, daga mako 22, faya ba ta fashe ba kuma babu jini. Ƙarfinsa a "babu" yake: idan bai nuna ba, da wuya ta haihu cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ya nuna, yawancinsu ma ba sa haihuwa da wuri, saboda haka kada a ɗauke shi hukunci.

Usman, ga wani abu da zai haɗa maka zaren. PAPP-A, furotin da ake aunawa a jinin uwa a mako 11 zuwa 13 na ciki, a 1999 aka gano cewa almakashi ne, aikinsa yanka IGFBP-4 don IGF ya kuɓuta ya ciyar da mabiyiya. Idan ya yi ƙasa sosai, ƙasa da kamar 0.4 na matsakaici, haɗarin jariri ya ƙi girma a ciki ko uwa ta samu hawan jinin ciki na ƙaruwa. Irin wannan mace a sa mata ido da awo da hoton girman jariri a watannin ƙarshe.

Likita Hadiza:
Kuma ƙaninsa PAPP-A2 shi ke yanka IGFBP-3 da IGFBP-5. A 2016 aka bayyana yara daga iyalai biyu da aka haifa ba shi. IGF-1 ɗinsu a takarda sama yake, IGFBP-3 sama yake, amma gajeru ne, domin duk a kulle yake ba mai sakinsa. Ka ga kenan ƙasa ba ta tabbatar da rashin GH, sama ma ba ta tabbatar da lafiya.

Abu mai kama da haka, wanda kuma shi za ka fi gani a nan, shi ne yaro mai ciwon ƙoda. Ƙoda ce ke fitar da ƙananan IGFBP da guntayen IGFBP-3. Idan ta gaza sai su taru su kame IGF-1. Jimilla daidai, mai aiki ya yi kaɗan, yaro ya tsaya. Kafin a yi tunanin allurar GH a gyara asid na jini da bayikabonet, a gyara ƙarancin jini, gishiri, fosfet da bitamin D, a tabbatar yana ci.

Likita Aminu:
Tunda an zo nan, bari in kawo wanda ke kashe manya a ɓoye. Mutum ba ya shan maganin suga, ba ya allurar insulin, amma da asuba sai a same shi cikin gumi, ya rikice ko ya suma, suga ƙasa da milimol 3 a lita. A ɗaura ruwan gulukos ya farfaɗo, gobe ya koma. Kowa sai ya tafi neman ƙari a fankiriyas. To a ɗebi jini a daidai lokacin da sugan ke ƙasa, kafin a ba da gulukos. Idan insulin ƙasa yake, C-peptayid da ke fita tare da shi ƙasa, kiton ma ƙasa, to akwai abin da ke aikin insulin amma ba insulin ba ne.

Wasu manyan ƙari suna fitar da IGF-2 da ba a gama sassaƙa shi ba, ya fi na asali girma. Yana kama IGFBP-3, amma ALS ba ya iya hawa kansu. Sai su tsaya su biyu, ƙanana, su ratsa jijiya su isa tsoka, su hau makarɓin insulin, tsoka ta yi ta zuƙe suga, hanta kuma ta daina fitarwa. Ƙari ga haka suna danne GH, sai ALS da IGFBP-3 su ƙara raguwa, abin ya ƙara muni. A jini za ka ga IGF-1 ya faɗi, IGF-2 idan aka raba shi da IGF-1 ya haura 10. Littattafai sun fi ambaton ƙarin rufin huhu, amma a wurinmu dajin hanta ne ya kamata ya fara zuwa zuciya, saboda yawan ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoksin a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Ko ba a samu gwajin IGF-2 ba, hoton ciki da na ƙirji za su nuna, don ƙarin kan zama babba kafin ya kai ga haka.

Magani na gaskiya shi ne cire ƙarin. Idan ba ya ciruwa, firedinisolon miligiram 30 zuwa 60 a rana na rage IGF-2 ɗin kuma dunƙulen ukun ya dawo haɗuwa. A ciyar da dare, kunu mai kauri kafin barci da wani a tsakar dare. Dayazoksayid da oktiriyotayid da ake ba masu ƙarin insulin ba sa aiki a nan, don ba insulin ke zuba ba.

Usman:
Allah ya ƙara ilimi. Likita, a ciwon suga fa? Na ga an ce IGFBP-1 na bin insulin.

Likita Aminu:
Insulin da ke isa hanta ta jijiyar hanji shi ke danne IGFBP-1, cikin awanni. Ka ci abinci ya sauka, ka kwana da yunwa ya hau. Shi ya sa shi dole a auna shi da azumi. A matashi mai suga nau'i na 1, allurar ƙarƙashin fata ba ta kai wa hanta insulin kamar yadda fankiriyas ke yi. IGFBP-1 ya hau da dare, IGF-1 mai aiki ya ragu, fitutari ta ƙara sakin GH, GH kuma ya hana insulin aiki. Wannan na cikin dalilan da ke sa sugan asuba ya hau a masu balaga, kuma yaron da aka daɗe ba a riƙe sugansa ba ya tsumbure da kumburarriyar hanta. A mai ƙiba kuwa akasin haka ne, insulin ya yi yawa, IGFBP-1 ya kwanta ƙasa, haka ma a mata masu ƙurajen ƙwan mahaifa da rikicewar al'ada. Amma wannan na fahimta ne. Babu wanda zan tura ya auna IGFBP-1 don a gano suga, gulukos da HbA1c mai nuna matsakaicin sugan watannin baya sun isa.

Malam Yakubu (harhaɗa magunguna, Kakuri):
A ɓangaren magani akwai darasi a tarihin abin. Yaran da makarɓin GH ɗinsu ba ya aiki, cutar da Zvi Laron ya bayyana a 1966, allurar GH ba ta yi musu komai, IGF-1 ɗin kansa ake ba su. Sunansa mekasamin, Amurka ta amince da shi a 2005. Ana farawa da miligiram 0.04 zuwa 0.08 a kowane kilo sau biyu a rana, iyaka 0.12. Dalilin sau biyu shi ne waɗannan yara ba su da isasshen IGFBP-3 da ALS da za su riƙe shi, yana shiga yana fita. Dalilin da ya sa dole a yi allurar cikin minti 20 kafin ko bayan abinci shi ne wanda ke sake yana saukar da suga kamar insulin. Yaro bai ci ba, a tsallake allurar, kuma ba a ninka ta gaba. An taɓa fitar da wanda aka haɗa IGF-1 da IGFBP-3 a allura ɗaya sau ɗaya a rana, aka janye shi daga wannan amfani a 2007 bayan shari'ar haƙƙin mallaka.

Abin da ya fi damuna a kasuwa shi ne allurar GH da ake tallatawa a intanet ga masu ɗaga ƙarfe da iyayen da ke son ɗa ya yi tsawo. GH furotin ne, yana son digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta. Wanda ya kwana a shago ba wuta ba a san abin da ya rage a ciki ba. Idan kuma ƙashi ya riga ya rufe, ko na gaske ne ba ya ƙara santimita ɗaya, sai kumburi da ciwon gaɓɓai da hawan suga. Wanda likita ya ɗora a kan GH da hujja, ana auna IGF-1 ɗinsa lokaci-lokaci don kada ya haura iyakar shekarunsa. Mace babba mai shan istirojin ta baki kuma takan buƙaci GH fiye da mai mannawa a fata, domin na baki yana bi ta hanta ya rage ƙera IGF-1.

Malama Zainab:
Malam Yakubu, maganar iyaka ta kawo tambayar da mutane ke yawan yi, wai IGF-1 na jawo daji, IGFBP-3 na karewa. Har ana cewa a daina ba yara madara.

Likita Aminu:
A yi hattara da wannan. Manyan bincike a Turai da Amurka sun nuna waɗanda IGF-1 ɗinsu ke can sama suna da ɗan ƙarin haɗarin dajin furostet na maza, nono da babban hanji. Ƙarin kaɗan ne, na jama'a ne, ba a iya gaya wa mutum ɗaya makomarsa da shi. A ɗakin bincike IGFBP-3 na hana ƙwayar daji girma, p53 mai tsare jiki daga daji ma na kunna shi, PSA na furostet kuma na yanka shi. Amma a jinin mutane sakamakon ya saɓa wa juna, wasu binciken sun ga kariya, wasu ba su gani ba. Magungunan toshe makarɓin IGF-1 da aka sa wa rai sun faɗi a manyan gwaje-gwajen dajin huhu. Masu cutar Laron na Ekwado, da aka ba da rahotonsu a 2011, kusan ba sa kamuwa da daji ko suga, wannan gaskiya ne, amma mutane ne da aka haifa da canjin ƙwayar gado, ba hujjar hana yaron Kaduna madara ba ce. Yaranmu ƙarancin IGF-1 ke cutar da su, ba yawansa ba.

Malam Bashir:
Wani zai ga IGFBP-7 a takardun ƙoda ya ɗauka cikin shidan nan yake. Dangi ne na nesa, riƙonsa ga IGF ba ƙarfi. Ana auna shi a fitsari tare da wani furotin mai suna TIMP-2, gwajin NephroCheck da aka amince da shi a Amurka a 2014. Ƙwayoyin bututun ƙoda ne ke sakinsu idan sun shiga matsi. Sakamako sama da 0.3 na nuna haɗarin ƙoda ta samu rauni cikin awa 12, sama da 2 haɗarin babba ne. Na masu jinya a ɗakin kulawa ta musamman ne. Inda babu shi, a sa robar fitsari a auna duk awa: ƙasa da rabin mililita a kowane kilo a awa, har awa 6, ƙoda na kuka ko da kiriyatinin bai motsa ba.

Usman:
To idan yaron ya ci, an cire sikila da ƙoda da hanta da tayiroid, ba ya ƙara tsawo, ƙashinsa na baya da shekara biyu, IGF-1 kuma har yanzu ƙasa?

Likita Hadiza:
Sai ka tura shi wurin likitan yara mai kula da sinadaran jiki, a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, a yi gwajin tsokano GH. Ana yinsa da safe, yaro da azumi, an sa masa kanula tun farko. Ko kulonidin miligiram 0.15 a kowace murabba'in mita ta jiki, a sha, a ɗebi jini duk minti 30 har awa 2, ana lura da hawan jini don yana saukar da shi yana sa barci. Ko gulukagon miligiram 0.03 a kowane kilo, iyaka miligiram 1, a tsoka, a ɗiba har awa 3, a kula da suga a ƙarshe don a nan yake faɗuwa, kuma kada yaro ya tafi gida sai ya ci. Gwaji biyu daban ake so kafin a yanke. A da ana ɗaukar ƙasa da nanogiram 10 a mililita a matsayin rashi, wurare da yawa yanzu sun sauko kusa da 7 saboda sababbin injina. A tabbatar tayiroid daidai yake kafin ranar, yaro mai ƙiba kuma GH ɗinsa kan ƙi tashi ko da fitutarinsa lafiya. Wanda ya kusa balaga amma bai fara ba, a ba shi sinadarin balaga na 'yan kwanaki kafin gwajin, in ba haka ba zai faɗi gwajin ba tare da cuta ba. Idan duka biyun sun nuna rashi, hoton MRI na ƙwaƙwalwa ya zo kafin allurar farko, don a tabbatar ba ƙari ne ke danne fitutari ba, a kuma duba kotisol da sauran sinadaranta.